Awakin da Suka Sha Kanwar Mai Jego

A Matamaye ta zamanin Nasara, in baƙo ya ce yana neman gidan Baiwa, sai a tambaye shi wace Baiwar, don suna da dama. Amma in ya ce Baiwa mai awaki, ba mai ɓata bakinsa da kwatance. Sai a ce masa ya bi ta bayan kasuwa, inda duk ya ji warin bunsuru ya yi sallama, ya iso.

Gajeriyar mace ce baƙa, mai saurin ƙafa da saurin baki. 'Yar garin Dawce ce, aure ya kawo ta. Mijinta Manu manomin rake ne a kwari, bawan Allah da yakan wuni bai ce uffan ba, har mutane suna cewa ranar da aka yi rabon magana matarsa ce ta je ta karɓo musu su biyu, ta kuma hana shi nasa. Da akuya ɗaya ta shigo gidan, wadda goggonta ta ba ta ranar kai amarya. Kafin furfura ta fito mata, turakun bayan ɗakinta sun cika, har sai da aka ture danga aka ƙara fili.

Ba yawan awakin ne ya fitar da sunanta ba, sanin asalinsu ne. Baiwa ta san uwar kowace akuya a garin, ta san kakarta. Ranar kasuwa sai ka ga magidanci da rawaninsa ya riƙe igiya yana waige-waige, yana jiran ta zo wucewa.

"Inna Baiwa, don Allah duba mini wannan."

Sai ta kalli akuyar sama da ƙasa ta taɓe baki. "Sake ta. Uwarta mai ɓari ce, kakarta ma haka. Ka ga waccan jar mai karyayyen ƙaho? Muni gare ta, amma tagwaye ne a jininta. Ita za ka ɗauka."

Masu sayarwa sun sha yi mata Allah ya isa, ita kuwa ko a jikinta. Inda ta fi ɓata wa mutane rai shi ne ba ta tsaya kan dabbobi ba. A gidan biki sai ta leƙa fuskar amarya ta tambayi 'yar gidan wa ce, in an faɗa mata ta ce, "Af, to a tanadi zanen goyo biyu, matan gidan nan ba su iya haihuwar ɗaya-ɗaya ba."

Mata su ce, "Haba Baiwa, ki ji tsoron Allah! Mutane ne fa, ba awaki ba."

Ta ce, "Na sani. Ai awaki sun fi jin magana."

A yi ta dariya. Bayan shekara kuma a zo kiran ta barkar tagwaye.

Jini ɗaya ne Baiwa ba ta wasa da zancensa, shi ne na gidansu. Kowa ya san yadda ake jego: wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, ɗaki da wuta, ga kunun kanwa ƙwarya bayan ƙwarya har arba'in, don a kori sanyi daga jikin mai haihuwa, nono kuma ya kawo. Matan gari suna sha su miƙe garau. Matan gidan su Baiwa kuwa kumbura suke yi. Tana yarinya ta ga uwarta bayan haihuwar auta: ƙafafu suka cika, ciki ya biyo baya, numfashi ya gagara har kwanciya ta fi ƙarfinta sai dai a jingine ta da bango. Tsofaffi suka ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara kanwa, a ƙara wuta. Aka ƙara. Ba ta ga arba'in ba. Yayarta Hajara ma haka ta tafi, a haihuwar fari.

Ita Baiwa haihuwarta ta fari ta faɗo a shekarar da fara ta cinye gero. Ba hatsin kunu a gidan balle kanwa, itacen wankan ma da ƙyar. Ta yi ta kuka tana cewa sanyi zai kashe ta. Ina! Sai ga ta ta tashi tsaf, har tana daka wa maƙwabta. A haihuwa ta biyu an yi damina mai kyau, Manu kuma yana jin kunyar wancan karon, sai ya ciko mata tukunya da kanwa don ya fanshe. Ta sha, ta kumbura, har an fara kiran dangi daga Dawce. Allah ya yi da sauran kwana, amma daga ɗa namijin da ta haifa a wannan karon ba ta ƙara haihuwa ba.

Watannin da ta yi a jingine tana jinya, ba abin kallo sai awaki. A cikinsu akwai wata zuriya da in ta ci ɗanyen ganyen wake sai cikinta ya kumbura, uwa da 'ya da jika, alhali sauran suna cin ganyen nan su kwana lafiya. Ta daɗe tana kallon su. Ran nan ta kira Manu ta ce, "Malam, ni na gane. Ba laifin ganyen ba ne, ba kuma laifin akuyar ba. Haɗuwarsu ce ba ta yi ba. Mu ma haka muke da kanwa."

Manu ya ce, "To."

'Yar da aka haifa a shekarar fara ita ce Rahamatu. Kasancewarta 'yar fari, Baiwa ba ta taɓa kiran sunanta ba, kamar yadda kowace uwa mai kunya take yi. "Ke" take ce mata, in tana zancenta da wani kuma ta ce "waccan yarinyar." Ba ta yabon ta a gaban mutane, ba ta nuna damuwa in ta yi ciwo. Akuya in ta yi tari Baiwa sai ta tashi unguwa, amma 'yarta in ta yi zazzaɓi sai dai ta ajiye mata jiƙo a bakin ƙofa ta wuce kamar ba ita ta ajiye ba. Rahamatu ta tashi da fara'a da tsokana, takan ce da a ce an haife ta da ƙaho da ta ga gata.

A 1952 Rahamatu ta dawo gida goyon ciki. Mijinta Almu yana Kano cin rani, amma uwarsa Batulu tana nan, tsallaken kasuwa kawai. Batulu kuwa mace ce ta gaske, doguwa, ƙaƙƙarfa, mai son a san gidansu ba a rowa. Haihuwarta tara, kuma takan bugi ƙirji ta ce kanwar da ta sha a duniya jaki ba zai iya ɗauka ba, ga ta nan ko ciwon kai ba ta sani ba. Ba muguwa ba ce, kada a ɗauki alhakinta. Tana son Rahamatu har zuciya, kuma a wurinta so shi ne kanwa.

Baiwa ta yi ta juya abin a ranta, tsoro ya hana ta sakat. Ta san in yarinyar nan ta sha abin da uwarta ta sha, to sai dai wani ikon Allah. Rannan ta ɗaure ta yafa zane ta je gidan Batulu, da niyyar ta yi magana a hankali, ta bi ta nesa. Amma Baiwa da bi ta nesa? Ko gaisuwa ba su gama ba ta ce, "Yaya Batulu, kin san akwai akuyar da in ta ci ganyen wake..."

Batulu ta ajiye maficin hannunta. "Wa kike kira akuya? Matar ɗana?"

"A'a, jinin nake nufi. Matan gidanmu kanwa ba ta karɓe su ba."

"Kanwa ba ta karɓe su ba! Yau na ji sabon salo. Baiwa, in itace da wahalar damu kike gudu, faɗa mini, ni zan zo in yi. Amma ba za a ce jikan gidanmu ya sha nonon sanyi ba. So kike garin nan ya ce mun kasa?"

Baiwa ta dawo gida tana cizon yatsa. Ta gaya wa Manu yadda aka yi, ya ce, "Ai da ba ki sa akuya a ciki ba." Wannan ita ce magana mafi tsawo da ya yi a watan.

Aka sauka lafiya, mace. Tun kafin ungozoma ta wanke hannu ga Batulu da ƙwarya a ka, shaƙe da kanwa. Ranar suna kuma kamiyon gyaɗa, wato babbar motar kaya, da ya dawo daga Kano ya sauke ƙunshi daga Almu: turmin atamfa, sabulu, da jar kanwa mai kyau. Kanwar nan fa ta ƙofar gidansu ta wuce a bayan raƙuma daga gabas, shi kuma ya bi ta har Kano ya saye ta da tsada ya aiko da ita gida. Soyayya ke nan.

Ƙin karɓa ba zai yiwu ba, cin fuska ne da zai iya taɓa auren. Saboda haka Baiwa ta karɓa hannu biyu, har da guɗa. Sai ta kafa tukwane biyu a madafa. Ƙarama ta kunun kanwa ce, ta 'yan barka, kowa ya sha ya yaba. Ɗayar kuwa kunun tsamiya ne, shi take zubawa a ƙwaryar mai jego ta rufe da faifai ta kai ɗaki da kanta. Ruwan wankan ma sai ta faki ido ta sirka.

Ranar farko Rahamatu ta kurɓa ta ɗago kai. "Inna, wannan ai..."

"Ke, sha ki rufe mini baki."

Ta sha, ta rufe.

Saura kanwa. Batulu ba ta wuce kwana biyu ba ta zo ba, kuma in ta zo sai ta leƙa tukunyar ajiya ta ga yadda ta ragu, ta cike gurbin. In ba ta ragu ba akwai magana. Zubarwa kuma almubazzaranci ne, Baiwa ba za ta iya ba. To su wa ke son kanwa a duniya fiye da awaki? Da Batulu ta sa ƙafa waje, sai Baiwa ta dandaƙa kanwar ta jiƙa a kasko da dusa ta kai bayan ɗaki.

Wayyo, awaki suka ga duniya! Gashinsu ya kwanta yana sheƙi, nono ya cika hantsa, bunsuru ya fara tafiya da taƙama kamar shi ya gina garin. Mutane suna leƙowa ta danga suna tambayar me take ba su, ta ce addu'a ce kawai. Batulu kuma tana yawo gida-gida tana cewa ba ta taɓa ganin mai jego mai shan kanwa kamar matar Almu ba, tukunya guda a kwana uku, tubarkalla.

Abin da Baiwa ta manta, ita da ta fi kowa sanin awaki, shi ne suna da lissafi. Akwai uwar garke, wata tsohuwar akuya mai farin goshi da ake kira Kyalla. Ba ta daɗe ba ta gane cewa duk ranar da doguwar matar nan ta shigo da ƙwarya, to akwai daɗi a kasko. Da farko in sun ji sallamar Batulu sai su ɗauki kuka gaba ɗaya. Batulu har tana jin daɗi, tana cewa dabbobin gidan nan sun fi masu gidan iya tarbar baƙo.

Ran nan da hantsi, jego ya yi kusan rabi, Baiwa ta kwance awakin za a kai su kiwo, sai ga sallamar Batulu. Kyalla ta ɗaga kunne. Kafin Baiwa ta ce kai, garken nan duka ya yi zaure. Suka kewaye Batulu, wannan na jan zane, wancan na dafa ta da ƙafa, tana juyi tana salati da ƙwarya a sama. Kyalla ta miƙe tsaye ta sa ƙaho ta tunkuɗe ƙwaryar. Kanwa ta watse a tsakar gida. Maimakon ta tsaya lasa, sai tsohuwar banza ta ɗauki dunƙule guda a baki, ta taka a natse har bayan ɗaki, ta jefa shi cikin kasko, ta juyo tana kallon Baiwa, wai a zo a jiƙa.

Batulu ta bi ta. Ta durƙusa ta dangwali gindin kaskon ta ɗanɗana. Ta miƙe ta shiga ɗakin mai jego, ta buɗe faifai, ta ɗanɗana abin da ke ƙwaryar. Sannan ta yaye zanen da ke ƙafar Rahamatu, ta danna da yatsa. Wurin ya lotsa, ya daɗe bai ciko ba.

Baiwa ta riga ta ga wannan tun shekaranjiya. Kumburin kaɗan ne, iyakarsa idon sawu, amma ta san daga nan yake farawa.

Batulu ta fito tana huci, maƙwabta kuwa tuni sun cika gidan, hayaniyar awaki ta kira su. Ta ce, "Ku zo ku gani! Kanwar da ɗana ya aiko daga Kano, bunsuru ake yi wa jego da ita! Ga yarinya can sanyi ya fara cin ta. Wallahi yau da hannuna zan dama, a gabana za ta sha, in ba haka ba in ɗauke ta mu tafi."

Ta tsince kanwar daga ƙasa, ta hura wuta, ta dama kunu mai kauri, ta zuba kanwa ba tausayi. Matan unguwa suna cewa gaskiyarta, wannan wauta ta Baiwa ta yi yawa. Ta kai ƙwaryar ɗaki ta danƙa wa Rahamatu. Yarinya ta karɓa hannu biyu, don ba a mayar da hannun uwar miji. Ta dubi ƙofa inda uwarta take tsaye, ta ga ba ta ce komai ba, sai ta ɗaga ƙwaryar zuwa baki.

"Rahamatu!"

Gidan ya yi tsit. Har wadda ta zo da tsokana a baki ta haɗiye abarta. Shekara ashirin ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakin Baiwa.

"Rahamatu, ajiye ƙwaryar nan." Hawaye yana zuba, ba ta ko share ba. Ta juya wajen Batulu. "Yaya Batulu, ki zage ni, na ci zagi. Na yi miki ƙarya, na ba awaki kayanki. Amma ni na riƙe wa uwata irin ƙwaryar nan tana sha, ina murna wai magani nake ba ta. Ni na riƙe wa Hajara. Ke kin sha kin tashi, Allah ya ƙara miki lafiya, jininki daban ne. Wannan jinina ne a jikinta, ba ta da wani. 'Yata ce, ina son ta, ina tsoron ta mutu. Ga shi na faɗa, kunyar ta tafi inda za ta."

Batulu ta tsaya sororo. Ta san rowa, ta san ƙyuya, ta kuma san ba ɗayansu da zai sa mace mai furfura ta kira sunan 'yar fari a gaban unguwa. Can sai ta sunkuya ta zare ƙwaryar daga hannun Rahamatu, ta fita da ita bayan ɗaki, ta juye a kasko.

Ta ce, "Ku sha, 'yan banza. Dama ku ne masu jegon."

Wata ta fashe da dariya, sai gidan duka ya ɗauka, har da masu share hawaye. Batulu ta dawo tana gyara ɗaurin zane ta ce, "Amma ki sani, Baiwa, in abin nan ya haura gwiwa, ni da ke ne."

"In ya haura, ki yanka Kyalla ki yi sadaka."

"Wannan tsohuwar? Wa zai iya tauna ta?"

Bai haura ba. Kullum da safe su biyun suke shiga su danna ƙafar, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, suna gardamar wace ta fi saɓewa. A hankali idon sawu ya fito. Ko rashin kanwar ne, ko kwana ne a gaba, Allah ne masani, Baiwa dai ba ta taɓa cewa ita ta yi ba. Ba ta kuma taɓa hana matan gari kununsu ba. Iyaka in an kira ta barka, takan matsa kusa da mai jego ta tambaye ta a hankali ko uwarta ta taɓa kumbura, ko wata a cikin yayyenta. In an ce a'a, ta ce a sha lafiya. In an ce e, sai a ga Batulu ta iso da yamma, don ita ce ta ɗauki aikin yi wa uwar miji bayani, kuma ba ta sa akuya a ciki.

Ranar da aka yi arba'in, Rahamatu ta yi kitso da lalle, ta goya 'yarta, 'yan rakiya suna jira a zaure za a mai da ta ɗakinta. Baiwa tana bayan ɗaki tana ta kakkaɓe harawar da ba ta bukatar kakkaɓa. Rahamatu ta zo ta tsaya a bayanta.

"Inna, za mu tafi."

"To, a sauka lafiya."

"Inna."

"Mene ne kuma?"

"Ashe kin san sunana?"

Baiwa ba ta juyo ba. Ta ce, "Bakina ne ya suɓuce. Ke, wuce ki ba ni wuri, kina tsorata mini dabbobi."

Rahamatu ta tafi tana dariya. Sai da Baiwa ta ji sun fita sannan ta lallaɓa ta leƙa ta kafar danga. Ba goyon take kallo ba, ba kuma sabuwar atamfar ba. Ƙafafun take kallo, sirara, da jan lalle, suna taka rairayi da sauri har suka sha kwanar kasuwa. Kyalla ta zo tana shinshinar hannunta ko da saura. Baiwa ta waiga hagu da dama, ta ga ba kowa, sai ta kama kunnen akuyar ta sunkuya.

Ta ce, "Kin gan ta? Da ƙafarta ta tafi. Rahamatu ce, 'yata."